Babi na Shida: Bayan Muryoyin Sun Yi Shiru

Idan mai ciwon sikizofireniya ya samu magani, ya kuma dage da sha, abin da mutanen gida ke fara gani shi ne kwanciyar hankali. Muryoyin da yake ji suna zaginsa sun ragu, ko sun ɗauke gaba ɗaya. Zargin da yake yi cewa maƙwabta na bibiyarsa ya lafa. Yana barci, yana cin abinci, in an gaishe shi ya amsa. Sai a yi hamdala, a ce ya warke. Bayan 'yan watanni kuma sai wani ƙorafi ya taso, wanda kowane likitan ƙwaƙwalwa ya saba ji, a Kaduna yake aiki ko a Landan. Uwa za ta ce, "Likita, surutan nan dai alhamdu lillahi sun daina, amma yaron nan ba ya riƙe magana. In na aike shi abu uku, ɗaya zai kawo mini." Maigidansa a shago zai ce jiya-jiya aka nuna masa aiki, yau kamar bai taɓa gani ba. Shi kansa majinyacin, in ya samu mai saurarensa, zai ce yana kaiwa ƙarshen shafi ya nemi abin da ya karanta a farkonsa ya rasa.

A gida sau da yawa lalaci ake kiran wannan, ko a ɗora wa ƙwayoyin asibiti laifin baki ɗaya. Ƙwayoyin suna da nasu kason, za mu zo kansa. Amma tushen matsalar a cikin ciwon yake, kuma ta riga muryoyin zuwa. A garin Dunedin na ƙasar Niyu Zilan, masana sun riƙa bibiyar yara 1,037 da aka haifa tsakanin 1972 da 1973, suna gwada su tun suna ƙanana har suka girma. Da aka waiwayi takardun waɗanda ciwon ya kama daga baya, sai aka ga tun suna 'yan firamare tsararrakinsu suka fara tsere musu wajen mai da hankali da riƙe abu a ka, shekaru da dama kafin wani ya ji sun faɗi maganar da ba ta kan hanya.

Mantuwar tana da irin nata salon. Mutumin ya san sunansa, ya san 'yan uwansa, ya san hanyar masallaci, surorin da ya haddace yana yaro suna nan daram. Sabon abu ne ke zubewa: me ya faru, a ina, yaushe. Ina na ajiye makulli, me likita ya ce game da ƙwayar dare, a wace kwana na sauka jiya. Akwai wani ɗan sashe na ƙwaƙwalwa da ake kira hifokamfas, guda biyu ne, ɗaya a kowane gefen kai can ciki, kuma aikinsa ne ɗaure abu da wurinsa da lokacinsa. Hotunan ƙwaƙwalwa sun nuna cewa a masu wannan ciwo galibi ya ɗan fi ƙanƙanta, kuma ba ya tashi tsaye yadda ya kamata lokacin da mutum ke koyon sabon abu.

Likitocin farko sun san da haka. Emil Kraepelin, Bajamushen da ya ware wannan ciwo daga sauran cututtukan tabin hankali a ƙarshen ƙarni na 19, abin da ya fi ɗaukar hankalinsa shi ne yadda basirar matasa ke dusashewa a gabansa. Amma a 1952, a asibitin Sainte-Anne da ke birnin Faris, Jean Delay da Pierre Deniker suka fara bai wa majinyata kuloforomazin, wanda aka sani a kantin magani da sunan Largactil. Ɗakunan da ake ihu dare da rana suka yi tsit. Wannan babbar rahama ce, ba mai musu. Sai dai ta karkata idon likitoci zuwa ga abin da ƙwayar ke iya gyarawa, wato muryoyi da ruɗani, aka yi kusan shekara arba'in ana auna sauƙi da su kaɗai. Sai a 1996 Michael Green, masanin halayyar ɗan Adam a Los Angeles, ya tattara binciken da aka yi ya tambayi abin da iyali suka daɗe suna tambaya: wane ne ke iya komawa aiki, ya riƙe kansa, ya zauna da mutane? Amsar ta ba mutane da yawa mamaki. Yawan muryoyin da mutum ke ji bai cika nuna makomarsa ba. Ƙarfin riƙe magana da mai da hankali ne suka fi nuna ta.

A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu wannan ciwo da mutum miliyan 24, kusan ɗaya a cikin kowane 300. A Ingila, duk da asibitin kyauta da magani a wadace, wani kwamiti da ya binciki halin da suke ciki ya bayyana a 2012 cewa kashi 8 cikin ɗari ne kawai ke da aikin yi. Har yau kuma babu ƙwayar da hukumomin magunguna suka amince cewa tana gyara wannan mantuwa. Kamfanoni sun zuba maƙudan kuɗi a kai. Ɗaya daga cikin waɗanda aka sa wa rai ita ce iclepertin ta kamfanin Boehringer Ingelheim na Jamus, wadda aka sanar a farkon 2025 cewa ba ta yi nasara a manyan gwaje-gwajenta ba.

Da ƙwaya ta gagara, sai aka koma ga horo. Tunanin mai sauƙi ne: ƙwaƙwalwa tana canzawa da abin da aka maimaita mata, don haka a zaunar da majinyaci ya riƙa atisayen tunani, sau biyu ko uku a mako, na tsawon watanni. Da takarda da fensir aka fara, daga baya aka koma kwamfuta. Matsalar da aka ci karo da ita ita ce gundura. Atisayen ba daɗi, jerin lambobi ne da siffofi a maimaita har a gaji. Ga shi kuma ciwon da kansa yana kashe kuzari: mutum ya wuni zaune ba ya marmarin komai, abin da yake so da can ma ya daina burge shi. A ce wa irin wannan bawan Allah ya hau mota ya je asibiti sau uku a mako don ya danna akwatuna a allo, ai an haɗa shi da aiki. Da yawa sukan fara su bari.

A nan ne Farfesa Barbara Sahakian ta Jami'ar Kambirij ta shigo. Ita da Trevor Robbins ne suka ƙirƙiro wasu gwaje-gwajen ƙwaƙwalwa na allon taɓawa tun a shekarun 1980, waɗanda ake kira CANTAB. Ɗaya daga ciki ya shafi hifokamfas kai tsaye. Akwatuna ne jere a gefen allo, sai su riƙa buɗewa ɗaya bayan ɗaya, wasu da zane a ciki. Bayan sun rufe, sai a nuna maka zane a tsakiya, a ce ka taɓa akwatin da ka gan shi. Da zane ɗaya ko biyu ake farawa, sannan a yi ta ƙarawa har kai ya ɗauki zafi. Tambayar da Sahakian ta yi ita ce, me zai hana a mai da wannan atisaye wasa, irin wanda mutum zai ɗauka da kansa ba sai an roƙe shi ba?

Wata tara aka yi ana gina shi. Masana halayya da masana ƙwaƙwalwa suka zauna da Tom Piercy, wanda sana'arsa ƙera wasannin kwamfuta, tare da mutanen da ke fama da ciwon, suna gwadawa suna faɗin abin da ya yi musu da wanda bai yi ba. Wannan zama da majinyatan shi ne ya fi burge ni a labarin duka, domin ba kasafai ake tambayar mai tabin hankali ra'ayinsa kan abin da za a yi masa ba. Wasan da ya fito sunansa Wizard. Ɗan wasa zai zaɓi jarumin da yake so, wani mai sihiri, ya raɗa masa suna, ya shiga tafiya cikin labari. Don ya ci gaba dole ya tuna inda aka ɓoye kowane zane. In ya ci, a ba shi lada a cikin wasan, a yaba masa. Wahalar kuma tana hawa daidai ƙarfinsa, ba ta yi sauƙin da zai gundura ba, ba ta yi tsaurin da zai karaya ba.

Mutum 22 masu ciwon aka ɗauka, aka raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Gida ɗaya suka buga wasan a iPad na awa 8 jimla, a cikin mako 4. Ɗaya gidan suka ci gaba da kulawar da suka saba samu. Da aka sake gwada su, waɗanda suka yi wasan sun rage kuskure a gwajin akwatunan, kuma ba sa buƙatar maimaici da yawa kafin su riƙe wurin kowane zane. Makinsu ya kuma ƙaru a wani ma'auni da likitoci ke auna yadda mutum ke tafiyar da mu'amalarsa da aikinsa. Sun ce sun ji daɗin wasan, suna son ci gaba, kuma waɗanda suka fi nuna sha'awa su suka fi ƙwazo. An buga sakamakon a 2015 a mujallar ƙungiyar masana kimiyya ta Royal Society, kuma a wannan shekarar kamfanin Peak na Landan ya saka wani nau'in wasan a manhajarsa ta waya, domin jama'a su iya saukewa. Jaridun Birtaniya suka ɗauki labarin da zafi-zafinsa.

Ina ganin ya kamata a yi murna da wannan aiki, a kuma auna shi da mudunsa. Mutum 22 kaɗan ne ƙwarai. Biyu ko uku su samu sauƙi don wani dalili na daban, sai lissafi ya karkata. Mako huɗu kuma gajeren lokaci ne a ciwon da ake zama da shi shekaru. Waɗanda aka kwatanta su da su ba a ba su wani wasa na daban ba, don haka da wuya a raba amfanin atisayen da amfanin a damƙa wa mutum sabon iPad, a zauna kusa da shi, a nuna masa an damu da shi. Abu mafi nauyi kuma shi ne wasan da gwajin 'yan gida ɗaya ne. Wanda ya yi awa takwas yana tuna inda zane yake, ba abin mamaki ba ne in ya ƙware a jarrabawar tuna inda zane yake. Masu binciken ba su ɓoye cewa matakin farko ne ba.

Wannan tambaya, ko ƙwarewar allo tana bin mutum zuwa waje, ta daɗe tana damun fagen nan. A birnin Kambirij ɗin dai, shekara biyar kafin Wizard, Adrian Owen ya haɗa kai da gidan BBC suka sa mutum 11,430 masu lafiya yin atisayen ƙwaƙwalwa ta intanet na mako shida. Kowa ya ƙware a abin da ya maimaita. Da aka ba su wasu gwaje-gwajen da ba su yi atisayensu ba, ba a ga ribar ta tsallaka ba. A 2014 masana kusan 70 suka sa hannu a wata takarda suna gargaɗi kan tallace-tallacen kamfanonin horar da ƙwaƙwalwa, sannan a Janairun 2016 hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta sa kamfanin da ke da manhajar Lumosity biyan dala miliyan 2 saboda alkawuran da ba su da hujja. Duk wanda ya ga talla a wayarsa cewa minti goma a rana zai kaifafa masa basira, ya tuna da wannan tara.

To amma masu lafiya ne aka gwada a binciken Owen, kuma su kaɗai suke zaune gaban allo. Ga masu sikizofireniya labarin ya ɗan bambanta, ya kuma fi ba da fata. Farfesa Til Wykes ta kwalejin King's da ke Landan ta haɗa sakamakon gwaje-gwaje 40 da suka ƙunshi majinyata 2,104, ta buga a 2011. A ma'aunin da masana ke amfani da shi, inda 0.2 ke nufin ƙaramin tasiri, 0.5 matsakaici, 0.8 babba, horon ya samu 0.45 wajen gyara tunani. Shekara goma bayan haka Antonio Vita na Italiya da abokan aikinsa suka sake lissafin da gwaje-gwaje 130 da mutum 8,851. Adadin ya sauko: 0.29 ga tunani, 0.22 ga harkokin yau da kullum. Tasirin na gaskiya ne, ƙarami ne kuma. Abin lura shi ne bai zo daidai a ko'ina ba. Inda ya fi ƙarfi, akwai ƙwararren mai horarwa da ke zama da majinyaci, akwai koyar da dabaru, akwai kuma haɗa horon da shirin mayar da mutum cikin jama'a da sana'a. Inda aka bar mutum da na'ura kawai, ribar takan tsaya a kan allo. Wani babban gwaji da aka yi a Amurka da manhajar kamfanin Posit Science, wanda aka buga a 2019, ya nuna cewa waɗanda suka yi atisayen ba su fi waɗanda aka ba wasannin kwamfuta na yau da kullum ba.

Me mai horarwar ke yi da na'ura ba ta yi? Yana kallon yadda majinyacin ya ɓullo wa aikin. In ya ga yana ƙoƙarin haɗiye abu takwas a lokaci guda, sai ya ce, "Malam, tsaya. Raba su biyu-biyu, ka faɗe su da baki." In dabarar ta yi aiki, sai ya tambaye shi, "To gobe a shago, in maigidanka ya lissafa maka kaya, yaya za ka yi da wannan?" Mako mai zuwa kuma ya tambaye shi yadda ta kaya. Kamar mai koyon tuƙi ne a filin makaranta: ya iya sitiyari, ya iya birki, amma ranar da zai fara shiga cunkoson kasuwar Kwari yana buƙatar wani a kujerar gefe. Susan McGurk da Kim Mueser a Amurka sun gina shiri a kan wannan, inda ake haɗa atisayen kwamfuta da jami'in da ke nema wa majinyaci aiki na gaske, yana kuma bin sa wurin aikin. Waɗanda suka samu biyun tare sun fi samun aiki, sun fi daɗewa a kai, sun kuma fi samun kuɗi, a kan waɗanda aka nema wa aikin kawai.

Akwai wani abu a binciken Vita da na so kowane mai jinyar ɗan uwa ya sani. Waɗanda ba su yi zurfin karatun boko ba, da waɗanda ciwon ya fi tsananta a kansu tun farko, suna cikin waɗanda suka fi cin gajiyar horon. Wato mutanen da aka fi saurin fid da rai da su.

Mu a nan, ƙwararrun likitocin ƙwaƙwalwa 'yan ɗaruruwa ne a Nijeriya ga mutum fiye da miliyan 200, kuma asibitocin irin na Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, Maiduguri da Dawanau a Kano kullum cike suke. Wayar hannu kuwa ta shiga kusan kowane gida. Don haka na fahimci wanda zai ce a ba kowa manhaja a huta. Sai dai abin da binciken ya ce shi ne mafi muhimmanci, wato mutum a gefe da aikin komawa, ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. A 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro, kusa da Abeokuta, inda majinyata ke kwana a gidajen ƙauyukan da ke kewaye da asibiti, kowa tare da ɗan uwansa, su je karɓar magani da rana, su kuma shiga aikin gona da sana'o'in ƙauye. Duniya ta zo ta kalli wannan tsari ta yaba. Ma'aikacin jinya ko ma'aikacin lafiyar unguwa ana iya koya masa zama da majinyaci kan atisaye, ƙanwa ko wa a gida ana iya nuna musu yadda za su tambaye shi dabarar da ya koya. In an samu wannan, wasa irin Wizard zai yi abin da ya fi iyawa, wato sa mutum ya dawo gobe da kansa. Motsa jiki ma yana da hujjarsa: wani nazari na 2017 da Joseph Firth ya jagoranta, wanda ya haɗa gwaje-gwaje goma, ya nuna cewa motsa jiki mai sa haki, irin gudu da keke, yana inganta tunanin masu wannan ciwo, kuma ya fi tasiri in akwai mai kula da shi.

Saura kason ƙwayoyin da na yi alkawari. Tsofaffin magunguna irin Largactil da halofiridol su suka fi araha, su aka fi rubutawa a wurarenmu, kuma sukan jawo sanƙarewar jiki, karkarwar hannu, ko murɗewar wuya. Don magance wannan ake haɗa su da benzeksol, wanda aka fi sani da Artane ko Exol, ƙwayar nan da wasu matasa suka mayar abin maye. Benzeksol yana aiki ne ta hanyar toshe wani sinadarin ƙwaƙwalwa mai suna asitilkolin, kuma wannan sinadari yana cikin waɗanda hifokamfas ke dogaro da su wajen ajiye sabon abu. Sophia Vinogradov da abokan aikinta a San Francisco sun auna jinin majinyatan da ke atisayen kwamfuta, suka buga a 2009 cewa waɗanda magungunansu suka fi toshe asitilkolin su suka fi ƙarancin amfana da horon. Mutum na iya shekara da shekaru yana shan Exol safe da yamma don kawai an rubuta masa a ranar farko, ba wanda ya sake dubawa.

Kada kowa ya yanke wa majinyaci magani da kansa. Barin maganin ciwon na iya dawo da muryoyin fiye da da, tsayar da Exol farat ɗaya kuma yana da nasa wahalar. Amma iyali suna da damar tambayar likita ko har yanzu ana buƙatarsa, ko za a iya rage shi a hankali, ko a canza zuwa maganin da bai cika sanƙarar da jiki ba. Ƙa'idojin Hukumar Lafiya ta Duniya na kula da tabin hankali a ƙananan asibitoci sun ce kada a riƙa ba da irin wannan ƙwaya a matsayin riga-kafi ga kowa, sai ga wanda matsalar ta bayyana a jikinsa sosai, shi ma na ɗan lokaci.